Mafitsarar da Ake Ɗinkawa da Hanji: Yadda Ake Mayar wa Mata Abin da Sankara Ta Raba Su da Shi

Daga cikin ni'imomin da Allah Maɗaukakin Sarki Ya yi wa ɗan Adam akwai waɗanda ba a cika lissafa su ba sa'ad da ake godiya, domin kunya ta hana a ambace su, sabo kuma ya hana a lura da su, babba daga cikinsu kuwa ita ce ikon da mutum yake da shi na riƙe fitsarinsa har lokacin da ya ga dama da wurin da ya dace. Da wannan iko ne mace take tsayuwa ga salla da alwalarta, ta zauna cikin taron biki ko na ta'aziyya hankalinta kwance, ta yi tafiyar yini guda a mota, ta kwana a ɗakinta ba tare da fargaba ba. Alhali duk wannan yana rataye ne a kan wata 'yar jaka ta tsoka da ke can ƙasan mara, wadda cikarta ba ta wuce misalin rabin lita ba, tare da wani gajeren bututu da tsawonsa a jikin mace bai fi santimita 4 ba. Idan sankara ta kama wannan jaka har ta nutsa cikin namanta, galibi likitoci sukan yanke hukuncin cire ta ɗungum, sa'an nan a fuskanci mas'alar da ta sha kan masana tiyata fiye da shekara ɗari, watau ina fitsarin zai taru, kuma ta wace ƙofa zai fita.

Ƙididdigar hukumar binciken sankara ta duniya, wadda take ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta nuna cewa a shekarar 2022 mutum fiye da 600,000 ne aka samu da sankarar mafitsara, kuma kusan kashi uku cikin huɗu nasu maza ne. Wannan rinjaye na maza shi ya sa aka daɗe ana ɗaukar cutar tamkar ta maza ce, kuma mata sun biya farashin wannan zato da tsada ƙwarai, domin alamarta ta fari ita ce jini a cikin fitsari ba tare da zafi ba, jini kuwa a wurin mace abu ne mai fassarori da yawa. Ita kanta tana iya cewa ragowar haila ce ko istihala, ma'aikacin asibitin unguwa ya ce ciwon sanyi ne ya rubuta mata ƙwayoyi, jinin ya ɗauke na 'yan makonni ya sake dawowa, a sake rubuta wasu ƙwayoyin, har watanni su shuɗe kafin wani ya yi tunanin leƙa cikin mafitsarar. Saboda haka, ko a ƙasashen da asibitocinsu suka wadata, an tabbatar da cewa mata sun fi maza zuwa a makare, kuma sun fi su mutuwa da cutar idan aka gwada adadin da adadi. A Turai da Amurka shan taba ne babban sababi, yana ɗauke da kimanin rabin laifin, sai kuma wasu magungunan rini na masana'antu, waɗanda wani likitan Jamus mai suna Ludwig Rehn ya fara zarginsu tun 1895.

Amma a ƙasashen da ke bakin Kogin Nilu, da namu na bakin Kwara da Rima da Haɗeja da Tafkin Chadi, akwai wani sababi da ya riga taba zuwa, shi ne tsargiya. A shekarar 1851 ne Theodor Bilharz, wani saurayin likita Bajamushe da ke aiki a asibitin Kasrul Aini na Alƙahira, ya gano tsutsar da ke haddasa ta a cikin jijiyoyin jinin wani mamaci. A 1911 kuma wani malamin ilmin cututtuka a birnin, Ferguson, ya rubuta cewa akwai dangantaka tsakaninta da sankarar mafitsara da ta addabi manoman Masar, kuma a 1994 aka sanya wannan tsutsa a hukumance cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara ga ɗan Adam. Tsutsar tana fitowa ne daga katantanwar ruwa mai kwanciya, ta huda fatar mai wanka ko mai wanki ko mai dashen shinkafa, ta zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara tana zuba ƙwai a bangonta shekara da shekaru, har gyambon da ba ya warkewa ya rikiɗe ya zama wani abu dabam. Nijeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu tsargiya, kuma rahotannin asibitocin koyarwa na Sakkwato da Kano da Maiduguri sun sha nuna cewa irin sankarar da ke biyo bayanta tana da rinjaye a cikin waɗanda suke gani. Wannan iri kuwa ya fi kama mutum yana da sauran ƙuruciya, yakan nutsa cikin tsoka da wuri, kuma bai cika jin maganin da ake ƙarawa ta jijiya ko gashin inji ba, don haka wuƙar likita ce madogara.

Ba kowace sankarar mafitsara ce ke kai wa ga cirewa ba. Idan ta tsaya a fatar ciki, ana iya kankare ta da na'urar da ake zurawa ta hanyar fitsari, sa'an nan a riƙa ɗura magani a mafitsarar. Amma idan ta shiga tsoka, aikin da aka gada a kan mace mai girma ne matuƙa, domin ba mafitsara kaɗai ake ɗaukewa ba: a al'adar tiyata ta dā ana haɗawa da bututun fitar fitsari baki ɗaya, da mahaifa, da ma'ajiyar ƙwai biyu, da bangon farji na gaba, da kaluluwar da ke ƙugu, har mara ta zama wayam ta gefen gaba. Ƙoda biyu kuwa ba su san an yi wannan aiki ba, suna ci gaba da tace jini dare da rana suna sauko da fitsari ta magudanansu guda biyu, waɗanda yanzu ba su da inda za su zuba.

Dabarar da ta fara zuwa wa likitoci ita ce a karkatar da magudanan nan zuwa cikin babban hanji, fitsari ya riƙa fita tare da bayan gida. John Simon ya jarraba haka a Landan a farkon shekarun 1850 a kan wani yaro da aka haifa da mafitsara a buɗe, yaron kuwa bai wuce shekara guda bayan aikin ba ya rasu. An yi ta gyara dabarar har ta yaɗu, amma illarta ba ta ɓuya ba, domin ƙazantar hanji tana hawa zuwa ƙoda ta lalata ta, jini yana yin tsami, kuma bayan shekaru masu yawa wata sankarar takan tsiro a mahaɗar. Tun 1888 wasu Italiyawa biyu, Tizzoni da Foggi, suka nuna a jikin kare cewa ana iya yin mafitsara da yankin ƙaramin hanji, amma zamanin bai kai ba, saboda babu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, babu kuma ƙarin jini mai aminci. Sai a 1950 Eugene Bricker na birnin San Luwis a Amurka ya daidaita hanyar da har gobe ita aka fi bi a duniya: a yanko ɗan guntun ƙaramin hanji mai tsawon santimita 15 zuwa 20 da jijiyoyin jininsa, a dasa magudanan ƙoda a gindinsa, a fito da bakinsa ta fatar ciki a gefen dama, fitsari ya riƙa ɗiga cikin jakar roba da ake mannawa a fata.

Hanyar Bricker ta ceci rayuka da ba su ƙidayuwa, kuma ba daidai ba ne a raina ta, kamar yadda za mu gani nan gaba. Sai dai jaka abu ce da ake saye har ƙarshen rai, a ƙasashenmu daga waje ake shigo da ita, zafi da gumi kuma suna saurin ɓamɓare mannenta. Wannan ya sa masana suka ci gaba da neman ma'ajiya ta cikin jiki. Nils Kock na Gotenbag a Suwidin, da likitocin Mainz a Jamus, da na Jami'ar Indiyana a Amurka, kowannensu ya fito da irin tasa jakar ta cikin ciki a shekarun 1980, mai 'yar ƙofa a fata ko a cibiya wadda ba ta yoyo, sai mai ita ta zura siririyar roba sau biyar ko shida a rana ta zubar.

Mataki na ƙarshe shi ne a mayar da sabuwar ma'ajiyar mazaunin tsohuwar, a ɗinka ta da bututun fitsari na asali, mutum ya riƙa zagayawa ta inda aka halicce shi da yi. Maurice Camey a Faransa ya share fage, sa'an nan Richard Hautmann na Ulm a Jamus da Urs Studer na Ban a Suwizalan suka bayyana hanyoyinsu a ƙarshen shekarun 1980, waɗanda har yau sunayensu ake kiran aikin da su. Hikimar aikin tana cikin abu guda. Hanji bututu ne da aka halitta yana matsawa domin tura abinci gaba, idan aka bar shi a siffarsa zai riƙa matse fitsari da ƙarfi, ya tura shi waje ba da izini ba, ko ya mayar da shi sama ya cutar da ƙoda. Saboda haka likita yakan yanko santimita 40 zuwa 60 na ƙaramin hanji, ya haɗa sauran hanjin wuri guda domin abinci ya ci gaba da wucewa, sa'an nan ya tsaga abin da ya yanko a tsaye, ya shimfiɗa shi, ya ninka, ya ɗinke shi ya zama dunƙulalliyar jaka, kamar yadda baduku yake tsaga fata ya ɗinka salka. Da wannan tsagawa da ninkawa matsin ɓangarorin yakan kashe juna, siffar ƙwallo kuma takan ba da mafi girman ciki daga mafi ƙarancin hanji, sai a samu ma'ajiya mai faɗi mai sanyin matsi.

A nan ne labarin ya karkata ga barin mata, domin shekaru da dama maza kaɗai ake yi wa wannan aiki. Hujja biyu aka kafa. Ta farko, an ce bututun fitsarin mace gajere ne, yana manne da mafitsara, barinsa kuwa barin saiwar sankara ne. Ta biyu, an ce ikon riƙe fitsari a mace yana wuyan mafitsara ne, idan aka cire wuyan babu abin da zai tsare yoyo. Duka biyun an karɓe su ne ta hanyar taƙalidi, ɗalibi daga malaminsa, ba tare da wani ya zauna ya yi tahaƙiƙi a kansu ba, kuma a ganina wannan yana cikin abubuwan da ya kamata su sa ma'abota ilmi tawali'u, domin dubban mata sun rayu da jaka a ciki saboda wata magana da ba a taɓa auna ta ba.

A farkon shekarun 1990 ne aka auna. A Insburuk ta ƙasar Ostiriya, Arnulf Stenzl da abokan aikinsa suka koma ga gawarwaki da ga tsofaffin bayanan majiyyata, suka nuna cewa zoben tsokar da mace take tsukewa da nufinta yana tsakiya da ƙasan bututun ne, jijiyar da ke motsa shi kuma daga ƙasan ƙugu take zuwa, saboda haka ana iya yanke bututun kaɗan ƙasa da wuyan mafitsara a bar zoben da jijiyarsa lafiya. Da su da likitocin Jami'ar Kudancin Kalifoniya a Los Anjalas, ƙarƙashin Donald Skinner da John Stein, suka duba mafitsarun da aka cire wa mata, suka tarar ƙalilan ne cutar ta sauka cikin bututunsu, kuma galibin waɗannan ƙalilan su ne waɗanda ta riga ta kama wuyan mafitsararsu ko bangon farji. Mutanen Los Anjalas sun fara yi wa mata aikin a 1990, suka buga sakamakon mata 14 na farko a 1994. Daga nan ƙa'ida ta kafu: ana cikin tiyata a yanki bakin bututun a aika ɗakin gwaji a daskarar da shi a duba nan take, in ya fito da tsabta a ci gaba da ɗinka sabuwar mafitsara, in bai fito ba a koma ga wata hanya, kuma wajibi ne a shaida wa majiyyaciya wannan sharaɗi tun kafin a sa ta barci.

Wurin da ya fi cancanta mai karatu na ƙasarmu ya sa wa ido shi ne Mansura, birnin da ke bakin reshen Nilu a arewacin Masar, cikin ƙasar manoma masu ban ruwa, inda Farfesa Muhammad Ghoneim ya kafa cibiyar cututtukan ƙoda da mafitsara da aka buɗe a 1983. Majiyyatansa irin namu ne: talakawan karkara, Musulmi mafi yawansu, masu sankarar da tsargiya ta haifa, waɗanda sayen jaka kowane wata ya fi ƙarfinsu. A 2008 cibiyar ta buga sakamakon mutum 2,720 da aka cire wa mafitsara a Mansura a jere, adadin da ƙalilan ne daga asibitocin duniya suka kai. A can ne Hassan Abol-Enein tare da Ghoneim suka ƙirƙiro hanyar binne magudanan ƙoda a tsakanin ninkin hanjin domin hana fitsari komawa sama ba tare da amfani da ƙarfe ko wani baƙon abu ba, kuma a can ne Bedeir Ali-El-Dein ya bi diddigin mata masu yawa da aka yi wa sabuwar mafitsara, shekara bayan shekara, har ya warware wata mas'ala da ta ɗaure wa kowa kai.

Mas'alar ita ce, abin da aka ji tsoro, watau yoyo, bai zama babbar matsala ba da rana, domin mafi yawan matan sun riƙe fitsarinsu. Abin da ya bayyana kishiyarsa ne. Bayan wata shida ko shekara guda, wani kaso mai yawa, wanda rahotanni suka saɓa a kansa daga ɗaya cikin biyar har zuwa kusan rabi, sai su kasa zubar da fitsarin duka, ko su kasa yi sam, dole su koma zura roba da hannunsu. Waɗansu masana suka ce yanke jijiyoyi ne ya jawo. Mutanen Mansura suka ɗauki hoton matan suna cikin yunƙuri, suka ga cewa da yake an cire mahaifa, bayan sabuwar mafitsarar ya zama kogo, sai ta faɗa baya ta sauka ƙasa, mahaɗarta da bututun ta lanƙwashe, kuma gwargwadon yadda matar ta ƙara yunƙuri gwargwadon yadda lanƙwasar take ƙara toshewa. Maganin da suka kawo a 2002 na injiniya ne: a cike kogon da kitsen da ke lulluɓe hanji, a ɗaure saman farji sama domin ya zama majingini, a kuma rataye kan jakar ta gaba. Saɓani bai ƙare ba a kan rabon jijiya da rabon lanƙwasa cikin laifin, amma yau kusan duk mai yin wannan aiki a kan mace yana sanya mata majingini ta baya.

Wadda aka yi wa aikin tana da karatu a gabanta, kuma ban ga amfanin a ɓoye mata nauyinsa ba. Tiyatar kanta takan ci sa'o'i biyar ko shida ko fiye, fiye da rabin waɗanda ake yi wa cire mafitsara sukan gamu da wata tangarɗa, ƙarama ko babba, cikin wata uku na farko, kuma robar fitsari takan zauna mako biyu zuwa uku kafin ɗinkin ya kama. Idan aka zare ta, matar za ta tarar sabuwar mafitsara ba ta yi mata magana irin ta tsohuwa, babu matsuwar nan da ta saba, sai dai wani nauyi a mara. Kuma ba ta matsawa da kanta, sai matar ta zauna ta saki tsokar ƙugu ta yunƙura da ciki, wani lokaci ta danna mara da tafin hannu. Da fari cikinta bai wuce kofi guda ba, ana zagayawa duk bayan sa'a biyu da agogo, a riƙa tsawaitawa sannu a hankali har ta buɗe ta ɗauki kusan rabin lita cikin watanni. Dare ya fi rana wuya, domin barci yana sassauta zoben tsoka, hanjin kuma yana jawo ruwa daga jini ya ƙara yawan fitsarin, saboda haka sai ta sa agogo ya tashe ta sau ɗaya ko biyu, kuma duk da haka wasu ba sa rabuwa da ƙunzugu da dare.

Hanji kuma ba ya manta asalinsa. Yana ci gaba da fitar da yauƙi, wanda idan ba a sha ruwa sosai ba yakan dunƙule ya toshe hanya ko ya zama tsakuwa. Yana kuma tsotse wasu gishirin fitsari ya mayar cikin jini, jinin ya yi tsami, matar ta ji kasala da tashin zuciya da rashin son abinci, sai an ba ta ƙwayoyin bikabonet. Bayan shekaru bitamin B12 yakan ragu ga waɗansu, tun da a ƙarshen ƙaramin hanji jiki yake karɓarsa. Mahaɗar magudanan ƙoda tana iya tsukewa a ɓoye. Ga mata kuma akwai hatsarin ƙofa ta ɓalle tsakanin sabuwar mafitsara da farji, ko da yake ga 'yan kaɗan ne cikin ɗari. Domin waɗannan dalilai bibiyar asibiti ta har abada ce, kuma azumin Ramadana, musamman a bazarar ƙasashenmu, ba abin da za ta shiga ba ne sai da shawarar likitanta, shari'a kuwa ta riga ta yi wa mara lafiya rangwame.

Ke nan ba kowace mace ce wannan aiki ya dace da ita ba. Wadda ƙodarta ta raunana ko hantarta, da wadda cutar ta kai wuyan mafitsara ko bututu, da wadda tun dā take yoyo idan ta yi tari, da wadda tsufa ko rawar hannu ko raunin gani zai hana ta zura roba idan larura ta kama, duk waɗannan jakar Bricker ta fi musu maslaha, kuma binciken da aka yi na gwada jin daɗin rayuwa tsakanin masu jaka da masu sabuwar mafitsara bai nuna wata tazara mai girma ba, muddin kowace ta zaɓi hanyarta da sani. Abin da nake ƙi shi ne a yanke mata hukunci a bayan idonta, likita ya gana da mijinta ko wanta a ofis, ita kuwa ta farka ta tarar da jaka a cikinta. Haƙƙinta ne likita ya zaunar da ita ya ce, Hajiya, ko Baba, ga hanyoyi uku, ga amfanin kowace ga wahalarta, kuma a samu ma'aikaciyar jinya mace da za ta iya yi wa tambayoyin da ba za ta iya yi wa namiji ba.

Cikin waɗannan tambayoyi akwai ta zaman aure, wadda likitoci suka daɗe suna tattaunawa da maza dalla-dalla suna tsallake ta ga mata. Cire bangon farji yana gajarta shi ko ya ƙuntata shi, yanke jijiyoyin gefensa yana kawo bushewa da zafi, cire ma'ajiyar ƙwai ga wadda ba ta daina haila ba yana jefa ta cikin yankewar haila farat ɗaya, da raunin ƙashi a gaba. Da aka duba aka ga ba safai cutar take kai wa ga waɗannan gaɓoɓi ba idan an zaɓi majiyyata da kyau, sai aka fara barin farji da mahaifa da ma'ajiyar ƙwai ga wadda sankararta ba ta kusa da su, aka kuma tarar mahaifar da aka bari ita ce mafi kyawun majingini ga sabuwar mafitsara. Sharaɗin dai guda ne, kada kiyaye gaɓa ya zama sababin barin cuta.

Sai kuma mas'alar tsarki, wadda ga mace Musulma tana iya fin zafin ɗinki nauyi a zuciya, har wata ta ƙi tiyata domin tsoron kada sallarta ta ɓaci. Fuƙaha'unmu na Malikiyya ba su bar wannan babi a rufe ba, sun yi bayaninsa a ƙarƙashin salisul bauli: fitsarin da ke zuba ba da ikon mutum ba, idan ya lazimce shi rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala, Risala ta Ibnu Abi Zaidin kuma ta sanya sabunta alwala ga kowace salla a matsayin mustahabbi ga mai wannan hali, sa'an nan abin da ya taɓa tufa ko jiki na irin wannan najasa mai wuyar kiyayewa an yi afuwa a kansa. Wannan karatu ne da ake yi a zaurukanmu tun ana yara, amma sau da yawa ba ya isa gadon asibiti. Da asibitocinmu za su haɗa majiyyaciya da malama ko malamin da ya fahimci yadda jaka da sabuwar mafitsara suke aiki, ya ba ta fatawa daidai da halinta, da an ɗauke mata rabin damuwarta tun kafin a shiga da ita ɗakin tiyata.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga ilmin mafitsarar mace, domin ibtila'in yoyon fitsari na wahalar naƙuda ya sa aka samu cibiyoyi irin ta Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya yi aiki tun shekarun 1980 ya horar da likitoci masu yawa, da kuma ta asibitin Murtala a Kano. Hannuwan da suka saba da ɗinka bututun mace da kiyaye zoben tsokarsa suna nan, haka ma'aikatan jinya da suka saba koya wa matan karkara lura da roba. A inda jaka ta gagara saye, likitoci a Afirka sukan koma ga wata hanya da mutanen Mainz suka gyara a farkon shekarun 1990, inda ake tsaga ƙarshen babban hanji a ninka shi ya zama ma'ajiya mai sanyin matsi, dubura ta riƙe fitsarin, bayan an jarraba matar da ɗurin ruwa an ga tana iya riƙewa. Hanya ce mai sauƙin kuɗi, amma tana buƙatar bikabonet da duban hanji lokaci lokaci. Babban cikas shi ne mafi yawan masu sankarar mafitsara a asibitocinmu suna isowa ne bayan cutar ta manne da ƙugu ko ta toshe ƙoda, lokacin da babu sauran zancen cirewa balle ɗinka sabuwa.

A Masar, da aka dage da rabon maganin furazikwantel ga 'yan makaranta da mutanen ƙauye, tsargiya ta ja baya, kuma asibitocin Alƙahira da Mansura sun shaida irin sankarar da take haifarwa tana raguwa cikin majiyyatansu shekara bayan shekara. Maganin nan ƙwayoyi ne da ake haɗiya sau ɗaya gwargwadon tsawon yaro ko nauyinsa, ana kuma raba shi kyauta a makarantun jihohinmu da dama, sai dai 'yan matan da ba sa zuwa makaranta, waɗanda su ne ke yini a bakin rafi da gefen fadamun Kadawa da Bakolori da Goronyo suna wanki da ɗiban ruwa, su ne rabon ya fi tsallakewa. Babbar mace kuwa da ta ga jini a fitsarinta, musamman wadda ta daina haila, ko wadda aka yi wa maganin sanyi sau biyu jinin ya dawo, abin da take buƙata shi ne a tura ta ga likitan mafitsara a asibitin koyarwa ko na ƙwararru, a yi mata hoton ciki da na ƙoda, a leƙa mafitsarar da siririyar na'ura mai fitila, aikin da ba ya wuce 'yan mintoci, in an ga tsiro a yanko ɗan yanki a kai ɗakin gwaji.